Raɗar da Ke Cikin Ƙirjin Kyanwa

   

A cikin dabbobin da muke zaune da su a ƙasar Hausa, babu wadda matsayinta ya kai na kyanwa wuyar fassara. Akuya dukiya ce, ana saye ana sayarwa, idan garke ya kai nisabi a fitar da zakka. Jaki ma'aikaci ne, an san ranar da aka sayo shi da abin da aka biya. Kare kuwa, in ma an ajiye shi, iyakarsa ƙofar gida ko bakin garke. Ita kyanwa ba wanda ya saye ta, ba wanda zai gaje ta, amma ita kaɗai ce ke shiga har ƙuryar ɗaki ta miƙe a kan dardumar salla ba mai korar ta. A nan Yalwawa, cikin Dutse, inda gidaje da yawa ke da buhunan gero da na gyaɗa a sito, aikinta a fili yake: maigadi ce da ba ta karɓar albashi. Ina zaton wannan rashin farashin nata ne ya sa ba ma kawo wa ranmu cewa tana ciwo. Rago ya yi tari, kafin azahar an kira mai allura. Kyanwa ta kwana uku ba ta ci ba, sai a ce ai ɓera ta ƙoshi da shi.

Shari'a kuwa ba ta bar ta haka ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin Abu Ƙatada (RA), wanda ya karkata wa kyanwa mazubin ruwan alwalarsa har ta sha, matar ɗansa tana kallo tana mamaki, sai ya sanar da ita cewa Manzon Allah (SAW) ya kore najasa daga kyanwa, ya lissafa ta cikin masu kai-komo a tsakaninmu a cikin gida. Sahabin da ya fi kowa ruwayar hadisi ma, da alkunyar 'yar kyanwa duniya ta san shi, har ɗalibaina da yawa ba sa iya kawo sunansa na yanka idan na tambaye su a aji. (Labarin nan da ake yawo da shi na yanke hannun riga don kada a tashi kyanwa daga barci, malaman hadisi ba su san masa isnadi ba, kuma abin da ya inganta ya wadatar da mu.) Don haka idan malamin Islamiyya ya zauna ya yi rubutu a kan zuciyar kyanwa, a ganina bai fita daga gonarsa ba.

Ga yadda maganar ta same ni. Ana saura kwana uku Babbar Sallar 2024, wani abokina da muka yi sakandare tare, kafin ni in karkata wajen Larabci shi kuma ya wuce Zariya karatun likitancin dabbobi, ya biyo gidana ya duba mini ragon layya da ke ta zubar da majina. Da ya gama, sai babbar 'yata, mai shekara bakwai a lokacin, ta rungumo kyanwar gidanmu, wadda suka raɗa wa suna Ƙosai saboda launinta, ta ce, "Baba Likita, ita ma a auna ta." Ya yi dariya ya tsuguna, ya ɗora mata abin sauraren ƙirji. Can sai ya ɗago ya ce ba ya jin komai sai wuridinta, wato gurnanin nan mai taushi da kyanwa ke yi idan ana shafa ta. Ya sa aka ɗauko buta ana tsiyaya ruwa a roba kusa da ita, hankalinta ya koma can, ta yi shiru. Ya mayar da abin ya daɗe yana saurare, ya ɗan gusa da shi zuwa tsakiyar ƙirji, sannan ya ce, "Malam, zo ka ji wani abu."

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne sauri. Zuciyar baligi tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda, ta kyanwa kuwa a hannun likita tana yin 140 zuwa 220, sai ka ce makaɗin kalangu ya hango mai kyauta. Sai da ya riƙa ƙwanƙwasa gwiwata da yatsa daidai da bugun, sannan na rarrabe cewa biyu-biyu yake zuwa, kuma tsakanin na farko da na biyu akwai wani siririn sauti, shhh, kamar iska na fita ta ƙaramar huda. Ya ce kalmar da suke kiran sa da ita a Turance raɗa take nufi, ko gunaguni. Littattafan likitanci na Larabci kuwa nafkha suke ce masa, wato busa. Ni zan kira shi raɗar zuciya, domin in na ce huci mai karatu zai zaci fushi nake nufi.

Zuciyar kyanwa, wadda ba ta fi babban goro da yawa ba, gida ce mai ɗaki huɗu kamar tamu: biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi. Kowace ƙofa tana da ƙyaure mai buɗewa ta gefe guda, don kada jinin da ya wuce ya dawo, kuma bugu biyun da ake ji ƙarar rufewar ƙyamaren ce. Jinin da ke tafiya a natse ba a jin motsinsa. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadama ya san wannan: ruwa na bin hanyarsa shiru, sai inda ta tsuke, ko inda ta ɓalle, ko lokacin da aka ƙara wa inji wuta, nan ne yake fara surutu. Likitan Faransa da ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji a birnin Paris a 1816, René Laennec, wanda da naɗaɗɗiyar takarda ya fara kafin ya sassaƙa na katako, da ya ji wannan sauti sai ya kwatanta shi da ƙarar zuga-zugin maƙeri. Wanda ya taɓa zama a maƙera zai shaida kwatancin ya dace. Tun 1933 likitoci ke kasa ƙarfin raɗar zuwa mataki 6, na 1 sai an kasa kunne sosai a wuri shiru, na 6 kuwa ana jin sa ko ba a manna abin saurare a fata ba. Abokina ya ajiye ta Ƙosai a mataki na 2.

Na tambaye shi kai tsaye ko mutuwa za ta yi. Ya ce, "Malam, ban ce tana da ciwo ba, ban kuma ce ba ta da shi ba. Raɗa na ce na ji." Da farko amsar ta yi mini kama da zamiya, irin ta wanda ba ya son a kama shi da magana. Amma ɗalibin fiƙihu ya san bambancin ƙarina da bayyina. Ƙarina alama ce da ke sa alƙali ya ƙara bincike, bayyina ita ce hujjar da yake yanke hukunci a kanta. To, raɗar zuciyar kyanwa ƙarina ce, kuma mai rauni. A 2015 wasu likitocin dabbobi a Ingila suka wallafa binciken da suka yi wa kyanwoyi 780 da ke gidajen renon dabbobin da ba su da masu su, dukkansu a ido lafiya lau. Kusan kashi 41 cikin 100 an ji musu raɗa. Da aka ɗauki hoton zuciyar kowace, masu ciwon kaurin tsokar zuciya, wanda shi ne ciwon da ya fi kama zuciyar kyanwa, ba su cika kashi 15 ba. Ke nan mafi yawan masu raɗar ba su da wannan ciwo. Ɗaya gefen ne ya fi tayar da hankali, domin an sami masu ciwon da ba a ji musu raɗar komai ba. Cikin waɗanda suka kai shekara 9 zuwa sama kuwa, masu ciwon sun kusa kashi 30.

To me ke kawo raɗa ga zuciya mai lafiya? Tsoro ma kaɗai ya isa. Kyanwar da baƙo ya riƙe, zuciyarta ta ƙara gudu, sai a ji raɗa, ta huce a neme ta a rasa. Har danna abin saurare da ƙarfi a kan ƙirjinta mai laushi yana iya haifar da ita. 'Yan jarirai da yawa suna da raɗa mai sauƙi da ke ɓacewa kafin su cika wata shida. Tsofaffi kuma sau da yawa matsalar ba daga zuciya ta taso ba: hawan jini ne da ciwon ƙoda ya jawo, ko halittar nan ta maƙogwaro, wadda ke kumbura ta zama maƙoƙo a jikin mutum, ta shiga aiki fiye da ƙima. Amma a irin yanayinmu, in ji abokina, abin da yake fara zargi shi ne ƙarancin jini. Ƙuma na zuƙa ta waje, tsutsar ciki na zuƙa ta ciki, jini ya tsinke, ya riƙa surutu a hanya. Shi ya sa ya ɗaga leɓen Ƙosai ya duba dasashinta, ko ja ne ko ya yi fari.

Akwai kuma waɗanda ake haifa da huda a katangar da ta raba ɗakunan ƙasa biyu. Da na iso nan a karatuna sai da na yi murmushi, domin na san katangar nan tun ina jami'a, ta wata ƙofa daban. Jalinusu, babban likitan Girkawa na ƙarni na 2 na Miladiyya, ya koyar da cewa akwai ƙananan hudoji da ido ba ya gani a wannan katanga, ta nan jini ke tsallakawa daga dama zuwa hagu. Sama da shekara 1,000 ana maimaita maganarsa. Sai Ibn al-Nafis, likita kuma masanin fiƙihun Shafi'iyya, wanda ya yi karatu a Dimashƙa ya rasu a Alƙahira a 1288, ya yi sharhin ɓangaren halittar jiki na littafin Al-Ƙanun na Ibn Sina, ya tabbatar da cewa katangar a toshe take, jinin dama dole ya bi ta huhu ya haɗu da iska kafin ya isa hagu. Maganarsa ta nutse har 1924, lokacin da wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da rubutun a wani ɗakin karatu a Berlin. Abin da Jalinusu ya ɗauka tsarin halitta ne, idan an same shi da gaske a ƙirjin kyanwa ko na yaro, nakasa ce, kuma tana da ƙara. Ƙaramar huda ma ta fi babba ƙara, kamar bakin tiyo da aka matse da yatsa, alhali babbar ce ta fi haɗari. Don haka ko ƙarfin raɗar ba ma'aunin ciwon ba ne.

Shi ciwon kaurin tsoka, ga yadda yake. Bangon ɗakin hagu na ƙasa ne ke yin kauri, ɗakin ya matse, ya kasa saki ya cika yadda ya kamata. Jini ya riƙa jira a ɗakin sama har ɗakin ya buɗe. Daga nan ɗayan biyu: ko ruwa ya koma baya ya taru a huhu, numfashi ya gagara, ko kuma jinin da ke kwance ya daskare ya zama guda. Kunne ba ya iya tabbatar da wannan ciwo, sai na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, a auna bangon, idan ya kai milimita 6 a ce ya yi kauri. Gado na da hannu a ciki. A 2005 aka gano gurɓacewar ƙwayar halittar da ke jawo shi a jinsin Maine Coon, a 2007 aka gano ta jinsin Ragdoll, kuma ya fi kama maza. Masu hali da suka fara sayo kyanwoyin waje masu dogon gashi da tsada, ya kamata su riƙa tambayar tarihin iyayen kafin su ƙirga kuɗi.

Wani ciwon na daban ne ya fi shafar mu, domin daga akushi yake fitowa. A 1987 Paul Pion da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa kyanwoyin da zuciyarsu ke saki ta buɗe kamar tsohuwar salka har ta kasa tura jini, sinadari guda suka rasa a abinci, ana ce masa taurin. (Ba ruwansa da taurin kai. Daga kalmar Latin mai nufin bijimi aka ciro sunan, domin a maɗaciyar bijimi aka fara samun sa a 1827, kuma mai Larabci zai tuna da thauru.) Da aka ƙara musu shi sai da yawa suka warke, kamfanonin abincin dabbobi suka gyara haɗinsu, ciwon ya yi ƙaranci ƙwarai a can. Jikin mutum yana haɗa wannan sinadari da kansa. Na kyanwa ba ya haɗa abin da zai ishe ta, tilas sai ta ci nama. Yana cikin ɓera da kifi da zuciyar dabba. Babu shi a gero, babu a dawa, babu a shinkafa, na cikin madarar shanu kuma kaɗan ne. Rashinsa ba zuciya kaɗai yake ɓatawa ba, har ido yana makantarwa.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. Laifin da aka ambata mata kashi biyu ne: ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙananan halittun ƙasa da kanta ba. Ba na cikin masu son ɗora kowane binciken kimiyya a kan nassi, kuma ban ce taurin hadisin ke nufi ba. Abin da nake cewa shi ne, kyanwar gidan kakanninmu tuwon da ake gutsura mata ƙari ne kawai, ainihin abincinta na cikin rumbu da bayan danga, da farcenta take kamowa. Yau muna gina gidaje masu tayil da dogayen katangu, mu zuba wa ɓera guba, mu kulle kyanwa a falo don yara su yi wasa da ita, mu ba ta ragowar shinkafa da miya mu ce mun ciyar. Wanda ya rufe mata ƙofar farauta, nauyin naman ya dawo wuyansa. Ba kuma wani abin tsada ba ne: kan kifi, zuciya da ƙundun kaza, guntattakin da ke saura a teburin mahauci, a dafa a ba ta har da romon, domin sinadarin yana narkewa ya koma cikin ruwan. Sai dai a raba ta da albasa da tafarnuwa, domin suna farfasa ƙwayoyin jininta, su jawo ƙarancin jinin da muka ambata.

Ni abin da na yi bai taka kara ya karya ba. An ba Ƙosai maganin tsutsa da na ƙuma, aka gyara mata abinci. Bayan wata uku abokina ya sake saurare, raɗar ta zo a farko, da ta kwanta a cinyar yarinya sai ta ɓace. Ya koya mana aikin da ba ya bukatar ko sisi, wato ƙirga numfashinta tana barci. A kalli haƙarƙari, hawa da sauka ɗaya ke nan, a ƙirga na rabin minti a ninka biyu. Ƙasa da 30 a minti lafiya ce, idan ya haura ya zauna a sama kwana da kwanaki to a nemi likita. 'Yata ce ke wannan aiki duk daren Juma'a, tana rubutawa a bayan littafin Huruful Hija'inta, kuma lambobin ba su taɓa wuce 26 ba. Ya gargaɗe mu cewa kyanwa mai ciwon zuciya ba kasafai take tari ba, saɓanin kare, kuma idan aka ga ta buɗe baki tana haki alhali tana inuwa ba gudu ta yi ba, ba a jira gari ya waye. Gargaɗinsa mafi girma kuwa a kan farasitamol ne, wanda muke jefa wa kowa da komai. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe ta.

Hoton zuciyar fa? Likitocin dabbobinmu na nan da shanu da tumaki da kaji suka fi mu'amala, domin su ne jama'a ke kawowa. Abokina ya ce in ina so sai mu tambaya a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Na auna kuɗin mota daga Dutse ta Wudil zuwa Kano, daga Kano zuwa Zariya da dawowa, na ajiye kusa da alawus ɗin malamin Islamiyya, na kuma tambaye shi me sani zai canza. Ya faɗa mini gaskiya. Maganin atenolol da aka daɗe ana bayarwa a matakin farko, binciken shekara biyar da aka wallafa a 2013 bai nuna yana ƙara tsawon rai ba. Sai a watan Maris na 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izini na wucin gadi ga wani magani mai sinadarin sirolimus don rage kaurin tsokar kafin alamu su bayyana. Inda hoto ke da amfani sosai shi ne idan ɗakin sama ya buɗe, domin a nan ake fara maganin hana daskarewar jini. Na zaɓi in ci gaba da ƙirga numfashi da saurare duk bayan wata shida, in adana tafiyar sai wani abu ya canza.

Wani abokin aikina da na ba labarin ya ce, "Malam, matanmu na mutuwa da ciwon zuciya bayan haihuwa, kai kana lissafa numfashin kyanwa." Maganarsa tana da nauyi. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka rubuta yawan wannan ciwo a matan Zariya, kuma Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya yi shekaru yana bincike a kansa. Amsar da na ba shi daga Alƙahira na ɗauko ta. Sarki Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya bar wata gona waƙafi don ciyar da kyanwoyin birni marasa gida, har Bature Edward Lane ya tarar ana rarraba musu abinci a farfajiyar alƙalin alƙalai a shekarun 1830. A wannan birni dai, bayan Baibars da 'yan shekaru, Sarki Ƙalawun ya gina babban asibitin Mansuri, wanda Ibn al-Nafis ya bar wa gidansa da littattafansa. Mutanen ƙarni guda ne suka yi duka biyun. Ni kaina, a wajen karatun kyanwa na san cewa ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba yana iya lalata ƙyamaren zuciyar yaro, ya bar masa raɗa ta gaske. Tun daga nan, ɗalibin da na ga yana yawan haki ko kukan ciwon gaɓoɓi bayan zazzaɓi, ina aika wa iyayensa su kai shi asibiti a saurara.

Saura gudan jinin nan da na ambata, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Idan ya ɓalle daga ɗakin sama sai ya bi babbar jijiyar da ke gangarawa ta bayan ciki, ya je ya maƙale daidai inda ta rabu biyu zuwa ƙafafun baya. Kyanwar da ta kwana lafiya sai a wayi gari tana jan gindi tana kururuwa. A kyanwoyi da yawa wannan ce alamar farko da masu su ke gani. Waɗanda suka tsira ana ɗora su a kan clopidogrel, domin wani binciken 2015 ya nuna matsakaicin lokacin da suke samu kafin abin ya dawo kwana 443 ne, a kan 192 na masu shan asfirin.

Cikin hunturun da ya biyo bayan waccan Salla, ina dawowa daga sallar asuba na ji hayaniya a gidan wata dattijuwa maƙwabciyarmu. Tsohon muzurunta ne, wanda ya shekara kusan goma tare da ita tun mijinta na da rai, aka tarar a bakin madafi yana jan ƙafafu. Jiya da yamma an ga almajirin da ke mata ɗiban ruwa da shara, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ya bi shi da tsintsiya daga kan kifi. Kafin in shiga har jikanta ya mare shi, an miƙa masa kwanonsa an ce kada ya sake tako gidan. Yaron na tsaye a zaure yana rantsuwa, ba mai sauraren sa.

Na gaishe ta na ce, "Hajiya, a ba ni izini in taɓa shi." Ƙafafun gaba da ɗumi, na baya sanyi ƙalau kamar an tsamo su daga randa. Tafin na gaba ja-ja, na baya ya yi fari da shuɗi-shuɗi, naman sharaɓa ya yi tauri. Ba rauni, ba kumburi a gadon baya. Na kira abokina, ya zo kafin hantsi, ya nemi bugun jijiya a cinya bai samu ba, ya yanke farce ɗaya har cikin tsoka jini bai fito ba. Ya yi masa allurar rage zafi. Ya ce wa Hajiya ba zai rantse ba tunda ba hoto a gabansa, amma dukan da zai kashe ƙafa biyu yakan bar karaya ko kumburi, kuma ƙafafun kan zauna da ɗuminsu domin jini na isa gare su. Wannan kuwa jini ne aka datse wa hanya daga ciki, kuma ciwon ya daɗe a ƙirjinsa kafin yaron nan ya san ƙofar gidan.

Ta tambaye shi ko zai tashi, ya ce ƙafa biyu ne kuma jikinsa ya riga ya yi sanyi, da wuya. Sai ta juyo gare ni ta ce, "Malam, ya halatta a hutar da shi?" Na gaya mata cewa malamanmu na Malikiyya, a sharhohin Mukhtasar na Shaihu Khalil, sun halatta yanka dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita, don a sauƙaƙa mata. Ta ce a bar ta ta yi tunani zuwa azahar. Bai kai azahar ba.

Da la'asar na koma na yi mata maganar yaron. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Ai ni ban ce ya kashe shi ba, cewa na yi ya kore shi." Ban ja da ita ba. Bayan magariba ta aiki jikan nata, shi wanda ya yi marin, ya kai kwanon tuwo tsangaya, ya ce Hajiya ta ce gobe a zo ɗiban ruwa. Yaron ya karɓi tuwon. Washegari malaminsu ya gaya mini ya roƙa a canza masa gida, kuma an canza masa. Yanzu a can tsallaken titi yake aiki, idan ya biyo ta layinmu yakan tsaya daga waje ya ɗaga murya ya gaishe ta, ita kuma ta amsa daga ciki.